Zafi Ba Ya Rufa Asiri

Ranar 7 ga Yuli, 2003, a harabar wata cibiyar bincike da ake kira Southwest Research Institute a birnin San Antonio na jihar Texas, injiniyoyi suka ɗura guntun soso a cikin wata doguwar bindiga mai aiki da iskar gas. Soson bai kai kilo ɗaya ba, girmansa kuwa kamar na ƙaramar jakar hannu. Abin da aka saita shi ne allon gaban fiffiken kumbon 'yan sama-jannati, na gaske, wanda aka ciro daga jikin kumbon Atlantis. Aka harba. Soson ya fita da gudun da ya haura kilomita 800 a sa'a guda, ya bar rami mai faɗin santimita 40 da 'yan kai a jikin allon, ramin da babban mutum zai zura kansa ciki ba tare da wahala ba.

Wata biyar ke nan ana gardama a kan ko soso zai iya yin wannan ɓarnar. A ranar 16 ga Janairun shekarar, kumbon Columbia ya tashi daga Florida da mutum bakwai. Sakan 82 da tashinsa, wani guntun soson da aka lulluɓe katuwar tankin mai da shi ya ɓalle, ya bugi gaban fiffiken hagu. Kyamarorin ƙasa sun ɗauki bugun, amma hoton bai fito sosai ba. Wasu injiniyoyi suka nemi a roƙi ma'aikatar tsaro ta ɗauko hoton fiffiken tun kumbon yana sama, shugabanni suka ga babu buƙata. Soso ya sha faɗowa a tafiye-tafiyen baya, kuma kowane kumbo ya dawo lafiya. Ranar 1 ga Fabrairu, yayin da Columbia ke ratsowa cikin iskar duniya, iska mai tsananin zafi ta shiga ta ramin, ta narkar da ƙarfen cikin fiffiken. Kumbon ya tarwatse a sararin Texas, saura kimanin minti 16 ya sauka. Babu wanda ya tsira.

Kwamitin binciken da Admiral Harold Gehman ya jagoranta ya fitar da rahotonsa a watan Agusta. An fi tunawa da shi saboda yadda ya caccaki ɗabi'ar shugabancin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Sai dai akwai wani ɗan saƙo a cikinsa da bai samu kanun labarai ba. Kwamitin ya gano cewa hanyoyin da ake duba waɗannan alluna da su ba su isa su nuna ko lafiyarsu ƙalau ko akasin haka ba. Wato shekara 22 ana harba mutane sama a bayan garkuwar da babu wanda ke da tabbacin abin da ke faruwa a cikinta.

Domin a fahimci nauyin wannan magana, sai an san yadda allunan suke. Guda 22 ne a gaban kowane fiffike, masu lanƙwasa, kaurinsu tsakanin milimita 6 da 13. Ana jera ƙyallaye falle bisa falle, a jiƙa su da danƙo, a gasa har komai ya koma kabon zalla. Abin da ya fito yana jure zafin da ya haura digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas. Amma kabon ɗan'uwan gawayi ne, idan ya yi zafi ya gamu da iskar oksijin, ci zai yi. Don haka ake mayar da fatarsa ta waje wani sinadari mai tauri, haɗin silikon da kabon, ya zame masa sulke. Matsalar ita ce sulken da abin da ke ƙarƙashinsa ba sa tsukewa daidai wa daida idan sun huce, sai sulken ya yi ƙananan tsaga, a bi su da wani abu mai kama da gilashi a toshe. Duk inda toshiyar ta gaji, iska ta samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan kabon ɗin ciki zai riƙa zaizayewa a hankali, fatar waje tana nan sumul, kamar ƙyauren katakon da gara ta cinye ta bar fenti.

Masu duba allunan kuwa, yawancin abin da suke da shi ido ne da hannu. Su duba, su shafa, su danna.

Gaskiya ɗaya ta wajaba a faɗa tun a nan. Kwamitin bai ce ɓoyayyiyar zaizaya ce ta hallaka Columbia ba. Soso ne ya fasa allo na takwas, kuma babu wata na'urar da za a yi amfani da ita a ƙasa kafin tashi da za ta hana hakan. Abin da binciken ya tona shi ne wani giɓi na dabam da aka daɗe ana zaune da shi, kuma ya ba da shawarar a toshe shi da hanyoyin bincike na zamani waɗanda ba sa lalata abin da ake dubawa.

Tambayar tsohuwa ce: ta yaya za a san cikin abu ba tare da an fasa shi ba? Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ta daɗe da samun tata amsar. Takan ɗaga tukunyar ta ƙwanƙwasa da yatsa. Idan ta yi ƙara mai zaƙi, lafiya. Idan ta yi ƙara a dushe, akwai tsaga ko da ba a ganinta. Kada mai karatu ya yi wa wannan dariya, domin makanikan jiragen sama har gobe suna yin irinsa da kwabo ko ɗan ƙaramin guduma, suna bin jikin jirgi suna saurare. Yana aiki. Amma ya dogara ga kunnen mai yi, ga gajiyarsa, ga hayaniyar wurin, kuma ba ya barin wata shaidar da za a ajiye a kwatanta da ta baɗi. Akwai hoton eksire, sai dai yana buƙatar a kai ga bayan abin da ake dubawa, a kuma kori mutane daga wurin saboda haɗarinsa. Ga shi kuma bai cika ganin fallayen da suka rabu a kwance ba. Akwai na'urar sauti irin ta sikanin da ake yi wa masu juna biyu, wadda ke gani da zurfi da kyau, amma galibi sai an shafa ruwa ko mai, an bi wurin taki-taki. Ruwa kuwa ba abin da ake son ya kusanci allon da ke da ƙofofi ba ne.

Hanyar da NASA ta fi dogara da ita daga baya ta samo asali ne daga wani abin mamaki da ya faru a garin Slough na Ingila a shekarar 1800. William Herschel, makaɗin da ya baro Jamus ya zama masanin taurari, wanda ya gano duniyar Yuranus a 1781, yana neman gilashin da zai kalli rana da shi ba tare da ya cutar da idonsa ba. Ya lura cewa wasu gilasan masu launi suna barin zafi ya wuce fiye da wasu. Sai ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje zuwa launukan bakan gizo, ya riƙa sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Zafin yana ƙaruwa daga shuɗi zuwa ja. Da ya gusar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, zafin ya ma fi na ko'ina. Ashe akwai haske a wurin, idon ɗan'adam ne bai kai gare shi ba. Shi ne ake kira infirared, ma'ana abin da ke ƙasa da ja. Shekara 40 bayan haka ɗansa John ya shafa wa takarda baƙin hayaƙi, ya jiƙa ta da sinadarin alkohol, ya bar wannan haske ya busar da wasu wurare kafin wasu. Wannan ne ake ɗauka a matsayin hoton zafi na farko.

Duk abin da ke duniya yana fitar da wannan haske, daga bakin murhu har ƙanƙara. Bambancin yawa ne kawai. Idon mutum yana ganin hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin maikiromita 0.4 da 0.7, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Jikin mutum yana haskawa ne a wajen maikiromita 9 zuwa 10, nesa da inda ido ke tsayawa. Ma'aunin nan da aka riƙa nuna wa mutane a goshi a ƙofar bankuna da filayen jirgi lokacin Ebola da korona, wannan hasken yake karantawa a ɗigo guda. Kyamarar zafi tana yin haka ne a ɗigo dubu ɗaruruwa lokaci ɗaya, kuma mai kyau a cikinsu tana bambance kashi biyu cikin ɗari na digiri. Gilashin taga ba ya barin wannan haske ya wuce, shi ya sa idon yawancin kyamarorin ake yin sa da wani ma'adani mai tsada, jamaniyam. Launukan ja da ruwan ɗorawa da shuɗi da ake gani a hoton kuwa, kwamfuta ce ta shafa su don ido ya samu abin kamawa. Zafi ba shi da launi.

Tun tsakiyar shekarun 1960, lokacin da kamfanin AGA na Suwidin ya fara sayar da irin waɗannan kyamarori ga masana'antu, aikinsu na farko mai sauƙi ne: a nemo abin da ke zafi da kansa. Wayar lantarkin da ba a ɗaure da kyau ba tana zafi kafin ta kama da wuta. Ƙarfen injin da mai ya ƙare masa yana zafi kafin ya cije. Farantin solar da ɗaki guda ya lalace a cikinsa yana nuna tabo mai haske idan an bi ta kansa da jirgi marar matuƙi. Wannan duk ya kama hanya. Amma allon kumbon da ke ajiye a rumfa ba ya fitar da wani zafi na musamman. Cikinsa da wajensa, lafiyayyen wuri da ruɓaɓɓe, duk zafin ɗakin suke da shi. Idan aka nuna masa kyamara, babu abin da za a gani.

Dabarar ita ce a ba shi zafin, sannan a tsaya a ga abin da zai yi da shi.

Ana kafa akwati a jikin allon, a cikinsa akwai kyamara da fitilu irin na masu ɗaukar hoto, amma masu ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Fitilun su yi walƙiya sau ɗaya, na 'yan kashi cikin dubu na sakan. Fatar allon ta ɗumama da 'yan digiri, wanda bai isa ya cutar da komai ba. Nan take zafin ya fara nutsewa ciki, domin ɗabi'arsa ke nan, daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Kyamara kuwa tana ɗaukar hotuna gommai ko ɗaruruwa a kowane sakan, tana kallon yadda fatar ke hucewa. Inda allon yake a haɗe, zafin yana samun hanya ya wuce, fatar ta huce bai-ɗaya. Inda fallaye suka rabu, ko aka samu kogo a ƙarƙashin sulke, zafin zai ci karo da siririyar iska. Iskar da ke tsaye kuwa ba ta iya ɗaukar zafi. Alminiyam ya fi ta kusan sau 9,000. Shi ya sa bargo ke ɗumi, ba don ulun kansa ba, sai don iskar da ya tsare. Zafin ya taru a saman kogon kamar ruwa a bayan madatsa, fatar da ke daidai wurin ta makara wajen hucewa, sai tabo ya bayyana a hoton. Bayan ɗan lokaci ya dushe ya ɓace.

A nan ne abin ya fi daɗi, kuma a nan ne aka fi yi masa gurguwar fahimta. Kyamarar ba ta hango cikin allon ba. Ba ta ratsa ko da kaurin takarda. Fata kawai take gani, abin da take aunawa kuwa jinkiri ne. Duk wanda ya taɓa jingina da bangon da ya yini yana shan rana ya san cewa ana iya yin sallar isha'i bangon bai gama sakin zafinsa ba, alhali kwanon rufi ya yi sanyi tun magariba. Kowane abu da irin saurinsa. Joseph Fourier, Bafaranshen da ya wallafa lissafin tafiyar zafi a 1822, shi ya ba da dokar da ake aiki da ita har yau, kuma abin da ke fitowa daga cikinta yana da ban sha'awa: idan zurfi ya ninka biyu, lokacin da zafi zai ɗauka ya kai can ninkawa yake yi huɗu. A jikin kabon da aka haɗa da danƙo, aibin da ke zurfin milimita ɗaya zai iya bayyana cikin sakan biyu ko makamancin haka. Na milimita biyu sai wajen sakan takwas. Na milimita huɗu sai an haura rabin minti. A jikin alminiyam kuwa milimita ɗaya ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, kafin ƙiftawar ido an gama. Saboda haka lokacin da tabo ya fito shi ke faɗin zurfinsa. Agogo ne ya zama ma'aunin tsawo.

Wannan dokar ce ƙarfin hanyar, ita ce kuma iyakarta. Zafi ba ƙasa kawai yake tafiya ba, yana bazuwa gefe da gefe. Idan aibin yana da zurfi kuma ƙarami ne, zafin zai zagaye shi ya wuce, kamar yadda ruwan kogi ke zagaye dutse ya haɗe a gaba, kafin labarin ya dawo fata ya shafe. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce faɗin aibi ya kai zurfinsa, an fi so ma ya ninka shi. Hanyar ta fi dacewa da abubuwa marasa kauri da kuma aibin da ke kusa da fata, wato daidai irin matsalar sulken kumbo.

An yi ta ƙoƙarin tura wannan iyaka gaba. A Jami'ar Stuttgart ta Jamus, Gerd Busse da abokan aikinsa sun fito a farkon shekarun 1990 da salon da ake ƙara hasken fitila ana ragewa a kai a kai, a auna yadda amsar fata ke biyo baya a makare. A Jami'ar Laval ta Kanada, Xavier Maldague da Sergio Marinetti sun nuna a 1996 yadda za a ciro irin wannan bayani daga walƙiya guda. A Amurka, Steven Shepard ya bi ta wata hanyar mai sauƙin fahimta. Lafiyayyen abu mai kauri yana hucewa ne bisa tsari sananne: duk lokacin da lokaci ya ninka huɗu, ragowar zafin fata ya ragu da rabi. Sai a sa kwamfuta ta bi kowane ɗigo na hoton, ta ga daidai lokacin da ya kauce wa wannan tsari. Ta haka ake fito da tabon da ido ba zai taɓa tsinkaya ba a ɗanyen hoto.

Duk da haka, kyamarar zafi tana ruɗuwa, kuma tana ruɗar wanda bai san ta ba. Ƙarfe mai sheƙi madubi ne a wurinta: ba ya fitar da nasa hasken sosai, na kewaye yake mayarwa. Sabon ma'aikaci kan ga tabo mai zafi a jikin alminiyam ya yi murna, ashe inuwar fuskarsa ce. Fentin da ya fi kauri a wani wuri, datti, man hannu, fitilar da ta haska gefe ɗaya fiye da ɗaya, kowanne yana iya yin kama da aibi. Tsagar da ta miƙe tsaye daga fata zuwa ciki ba ta tare wa zafi hanya, yana bin gefenta ya wuce. Irin wannan sai an girgiza abin da sauti mai ƙarfi, leɓɓan tsagar su goga juna su yi zafi da kansu. Mafi muni shi ne fallaye biyu da suka manne da juna ƙam amma danƙon bai kama ba. Babu iska a tsakaninsu, zafi yana wucewa lami lafiya, hoton ya fito tas. Ranar da nauyi ya hau kansu, su rabu. Saboda waɗannan dalilai, kafin a yarda da kowace na'ura, sai an ƙera allon gwaji da aibi na gangan: a huda ramuka ta baya masu zurfi daban-daban, a cusa 'yan ƙyallayen Teflon tsakanin fallaye, a ga wanne ta gani, wanne ya kuɓuce mata. Mai karanta hoton ma sai ya ci jarrabawa mataki-mataki kafin a karɓi sa hannunsa.

Wannan ba zancen 'yan sama-jannati kaɗai ba ne. Rabin nauyin jirgin Boeing 787 na irin waɗannan haɗaɗɗun fallaye ne, na Airbus A350 ma ya ɗan haura rabi, kuma su ne jiragen da kamfanoni irin su Ethiopian Airlines ke jigila da su. Tsohon jirgin alminiyam mai gaskiya ne: idan motar kaya ta buge shi, zai lotsa, kowa ya gani. Kabon kuwa yakan koma daidai bayan bugu, fuskarsa ba ta nuna komai, alhali fallayen ciki sun rabu. Haka nan wasu sassan jela da fiffike cikinsu kamar saƙar zuma yake, ɗakuna ƙanana tsakanin fata biyu. Idan ruwa ya shiga, a can sama zai daskare ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, a ƙasa ya narke, gobe ya sake, har ya ɓamɓare fatar. A nan ba a ma buƙatar fitila a kullum. Idan aka nuna kyamara jim kaɗan da saukar jirgi, ɗakunan da ke da ruwa suna nan da sanyin sama bayan sauran sun ɗumama, sai su fito baƙi-baƙi. Masu duba gadoji su ma rana suke bari ta yi musu aikin fitila: kankaren da ya ɗago daga ƙarfen ciki ya fi na kewayensa saurin zafi da hantsi.

NASA ta dawo da tashin kumbo a ranar 26 ga Yuli, 2005, da Discovery. Daga nan hoton zafi ya shiga cikin aikin da ake yi wa allunan tsakanin tafiya da tafiya, ana ajiye hotunan don kwatantawa. A watan Yulin 2006, 'yan sama-jannati biyu, Piers Sellers da Michael Fossum, sun fita waje da kyamarar zafi ta hannu, suka gwada ta a kan guntayen allon da aka lalata da gangan. A can babu buƙatar walƙiya. Kumbo yana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, rana tana fito masa tana faɗuwa sau 16 a yini, kowane shiga inuwa gwaji ne kyauta.

Sai ga shekarar 2007, wadda ta nuna abin da sabon idon ya zo da shi. Ana shirin harba Discovery a watan Oktoba don kai wani sabon ɗaki mai suna Harmony tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Hotunan zafi suka nuna alamun rauni a ƙarƙashin sulken alluna uku cikin 44. Cibiyar injiniyanci da kiyaye haɗari ta NASA, wadda aka kafa bayan Columbia musamman don ta riƙa faɗin ra'ayinta ba tare da tsoron masu jadawali ba, ta ba da shawarar a canja allunan kafin tashi. Hakan zai jawo jinkirin wata biyu ko kusa da haka. Hujjarta ita ce ba a gano musabbabin raunin ba, abin da ba a san dalilinsa ba kuwa ba a iya cewa ga ranar da zai ta'azzara. Masu tafiyar da shirin kumbo, ƙarƙashin Wayne Hale, suka kawo tasu hujjar daga hotunan nan dai: allunan sun yi tafiye-tafiye da tabon, kuma kwatancen bai nuna yana ƙaruwa ba. Ga shi yanzu ana duba fiffike a sama da sanda mai tsawon mita 15, akwai kuma kayan faci.

Ɓangarorin biyu hoto ɗaya suke kallo. Babu wanda ya ce tabon ƙarya ne. Kyamara ta faɗi inda yake, da faɗinsa, da kusan zurfinsa, ta tsaya nan. Ba ta da ta cewa game da ko sulken zai jure digiri 1,600 sau ɗaya nan gaba, ko sau goma.

Duk wanda ya karanta rahoton Gehman zai ji wani abu ya motsa a ransa da jin hujja ta biyu. Masaniyar zamantakewa Diane Vaughan, wadda ta nazarci haɗarin kumbon Challenger na 1986 kuma ta taimaka wa kwamitin Columbia, ta bayyana yadda hukuma ke sabawa da aibi: abin da bai kamata ya faru ba ya faru, ba a mutu ba, ya sake faruwa, ba a mutu ba, a hankali ya zama al'ada. Haka aka yi da soso. Kuma matsin jadawali yana nan a 2007, domin tun 2004 gwamnatin Amurka ta ce a kammala ginin tashar a yi wa kumbunan ritaya zuwa 2010. Idan aka auna hujjojin biyu a tsanake, ta masu cewa a dakata ta fi nauyi, domin "bai ƙaru ba tukuna" labarin jiya ne, ba alkawarin gobe ba. Amma adalci ne a faɗi bambancin da ke tsakanin shekarun biyu. A 2003 an ƙi neman hoto, aka yanke hukunci a cikin duhu. A 2007 hoton yana kan tebur, masu saɓani sun yi magana a fili, 'yan jarida sun ji, waɗanda za su hau kumbon ma sun san abin da ake gardama a kai.

Aka yanke shawarar tashi. Discovery ya bar Florida ranar 23 ga Oktoba da mutum bakwai, Pamela Melroy ce kwamanda. Suka haɗa Harmony da tashar, suka duba fiffikensu a sama, suka sauka lafiya ranar 7 ga Nuwamba. Saukar ba ta raba gardamar ba, tun da Columbia ma ya sauka lafiya sau 27. Aka ja kumbon zuwa rumfarsa, aka sake kafa akwatin fitilu a gaban fiffike, aka bi allunan ɗaya bayan ɗaya, aka jera sababbin hotunan kusa da na kafin tafiya.